Awakin Dutse da Aikin Paris

Vénissieux, 14 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Bukari, a Zinder.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan takardar nan ta iske ku lafiya. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da Inna A'i ta ce yana damun ka. Ni lafiyata lau, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ka san na gama karatun ilimin dabbobi a Lyon, kuma wani kamfani a Paris ya ɗauke ni aikin biro, wato ofis. Baba har ya gama gaya wa 'yan unguwa. To, makon jiya abokiyar karatuna Inès ta ja ni zuwa gandun Vanoise, cikin manyan duwatsu masu ƙanƙara a bisa. Muka yi ta hawa har numfashina ya kusa ɗaukewa. Awa biyu muna laɓe bayan wani dutse, ba mu ga komai ba sai wasu dabbobi kamar gafiya, masu yin fito idan sun hango mutum. Can Inès ta miƙo mini madubin hangen nesa. Awakin dutse ne guda tara, ƙahonin mazan sun lanƙwasa har gadon baya. Wata uwa ta tsallake wani rami mai zurfi, ɗanta ya tsaya a baki. Ta jira shi kusan minti ashirin kafin ya yi tsalle. Kawu, na manta da sanyi gaba ɗaya.

Da muka sauko, muka haɗu da wata mata, shugabar masu binciken garken awakin, ta ce suna neman mai bin lafiyar dabbobin na wata takwas, kuma karatuna ya dace. Tun daga ranar na kasa zama wuri guda. Na je Paris na ga biron: hawa na sha ɗaya, tagar ma ba ta buɗuwa. A jirgin dawowa na rubuta wa Baba saƙo na goge ya fi sau goma. Jiya na kira matar na ce na amince.

Kawu, kai kaɗai Baba yake saurara har ƙarshen magana. Don Allah ka je ka zauna da shi. Ka gaya masa ban raina farin cikinsa ba, na dai ga aikin da na yi shekara biyar ina karatu dominsa. Ba zan kira shi ba sai na ji daga gare ka.

Ka gaishe mini da Inna A'i, da Yaya Maazou, da Hamdiya da yaranta.

'Yarka mai jiran amsa,
Hassia