Gilashin da Shugaba Take Sa Mini

Litinin, 2 ga Maris

Minti arba'in da bakwai yau kafin duka biyun su zauna. Na hagu ya shiga a karo na shida da kumfar iska a ƙarƙashinsa, dole na cire na sake. Shugaba kan gama su kafin ruwan shayi ya tafasa.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda ban taɓa ba. Gaban ƙwayar idona ya yi tsini tun ina saurayi, tabarau ba ya yi mini komai. Abin da nake gani da shi wasu 'yan gilasai biyu ne na roba mai tauri, kowanne kamar maɓallin riga. Ana cika shi da ruwan gishiri a kifa a kan ido. Shekara goma sha huɗu matata ce ke sa mini da safe, ta cire da yamma, ta wanke. Nawa dai in sunkuya in buɗe ido. Shugaba nake ce mata tun muna sabon aure, wasa ya zama suna.

Yau sati biyar da ta faɗi a kicin, ɓarin dama ya shanye. Daga asibiti gidan 'yarmu Auta aka wuce da ita, don can ƙasa ne, nan kuwa hawa na uku.

Laraba, 4 ga Maris

Na gaya wa Auta ina so in dawo da mahaifiyarta gida ƙarshen wata. Tana yanke mata farce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, kai da idonka ma sai an sa maka, wa zai kula da wa?"

Da dariya ta faɗa. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata, in na iya da kaina ba sauran magana. Ta ce, "To, mu gani." Shugaba na jin mu. Bakinta bai dawo sosai ba, kalma ɗaya biyu take fitarwa, sai ta bi mu da ido.

Asabar, 7 ga Maris

Keken ɗinkin Shugaba na nan da shuɗin zare a allura. Ban san rigar waye ce a ƙarƙashi ba, ba wanda ya zo nema.

Talata, 10 ga Maris

Sawa ta fara sauƙi, minti ashirin. Wata matsalar ce ta taso. Da safe ina gani tangaran, wajen sha ɗaya sai hazo ya rufe, kamar gilashin mota da aka shafa da hannu mai maiƙo. Ina ƙifta ido ya washe na daƙiƙa biyu ya koma.

Jiya a wajen aikina na duba kurakuran jarida, talatin da takwas ta wuce ta hannuna a shafi na biyu, ta fito tamanin da uku. Edita ya zo har teburina, ya ajiye jaridar a hankali.

"Malam, lafiya kuwa? Shekara ashirin ba ka taɓa barin irin wannan ta tsallake ba."

Na ce lafiya. Ya tambayi jikin Hajiya, na ce da sauƙi. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira shi a waya.

Auta ba ta sani ba.

Juma'a, 13 ga Maris

Na kwashe kwana uku ina karatu a kan robar. Folima ce, wato sarƙar ƙananan sinadarai da aka ɗinke da juna. Na farko-farko da gilashi aka yi su, daga baya da irin robar tagar jirgin sama, wadda iska ba ta ratsa ta, ido ya yi ta kumbura a ƙarƙashi. Sai aka sa silikon don oksijin ya wuce. Shi kuma silikon ba ya shiri da ruwa, maiƙo yake ja. Aka ƙara fulorin don ya rage. Kowane gyara da ɓarnar da yake kawowa, kamar dai aikinmu.

Wannan gilashin wata huɗu ke nan da aka ba ni shi. Na yanke cewa ko dai kamfanin ya canja haɗin robar, ko ruwan wankin ne ya lalace. Na rubuta musu wasiƙa mai sakin layi biyar, ba zagi, hujja kawai. Ta yi kyau, na karanta ta a bayyane a falo.

Lahadi, 15 ga Maris

Wauta. Na bar tsohon ruwan wankin na koma na haidurojin. Shi wannan sai gilashi ya yi awa shida a cikin 'yar kwalbarsa kafin zafin ya mutu ya zama ruwa. Na sani, na karanta. Bayan azahar hazo ya dame ni, na cire na jiƙa, awa biyu kacal na ɗauko don ina sauri in je wajen Shugaba.

Ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Na durƙusa a banɗaki ina lalubar 'yar robar cire gilashin a ƙasa, ina kiran sunanta, na ainihin, a gidan da ba kowa.

Na je da ido ɗaya, ɗayan ja wur. Auta ta kalle ni ta ce, "Baba, ƙarshen watan ne wannan?" Ba dariya wannan karon.

Alhamis, 19 ga Maris

Likitar ido. Sa'ar Auta ce, amma ita ta gaji ofishin daga likitan da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, ta san fayil ɗina tun daga farko. Ta duba idon ta ce ƙunar ta warke. Na miƙa mata wasiƙar. Ta karanta har ƙarshe, sannan ta sa gilashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Fari-fari ne ya lulluɓe shi kamar ƙasan buta.

"Baba, robar nan ba abin da ya same ta. Maiƙon fatar ido ne da furotin na hawaye. Kana gogawa?"

Na ce a jikin kwalbar an rubuta ba sai an goga ba, jiƙawa ta isa.

"Ashe ku 'yan jarida ma kuna yarda da duk abin da aka buga?"

Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa ganin gilashina da datti ba, har misali take yi da ni wajen masu ƙazanta. "Ashe Mama nake yabo ban sani ba."

Ta wanke shi da wani ruwa mai ƙarfi, ta nuna mini yadda ake gogawa a tafin hannu, da sauri, akwai layi a waje. Na ninke wasiƙar na sa a aljihu.

A mota na yi ta ƙoƙarin tuna ko na taɓa ganin Shugaba tana yi. Ban taɓa ba. Ta yaya ma, ai sai ta cire mini idon take wankewa. Abin da na sani kawai ƙarar famfo tana wanke hannu, da ɗan jinkirin da nake yi wa mita ina cewa abinci zai huce.

Asabar, 21 ga Maris

Na gwada. In na danna ina tsoron ya fashe, in ban danna ba ba ya fita. Hazo ya dawo ƙarfe biyu.

Litinin, 23 ga Maris

Na tafi gidan Auta da kwalaben duka a leda. Auta na kicin. Na jawo kujera gaban Shugaba na ce, "Ranki ya daɗe, na zo makaranta." Gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

Na wanke hannu, na cire na dama, na ɗora a tafi, na ɗiga ruwan. Da na kai babban yatsa sai ta buge mini hannu. Da hagu, amma bugun nata ne. Ta kama ɗan yatsana na kusa da ƙarami, ta ɗora cikin gilashin, ta riƙa tura shi daga tsakiya zuwa baki, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Nauyin da ta sa bai fi na shafa wa jariri mai ba. Na ƙirga a zuci, ashirin. Ta juya shi ta baya.

"Goga," ta ce.

Na goga. Da na tsaya ta ce, "Saura." Na ƙara. Can na ji ya yi wani ɗan ƙara ƙarƙashin yatsa, kamar faranti in ya fita tas. Ta sake ni.

"Rago," ta ce. Kalma uku a zama ɗaya, Auta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa aka zaga.

Na dawo gida da magariba. Ban kunna rediyo ba.

Asabar, 28 ga Maris

Kwana biyar ba hazo. Sawa minti shida. Edita ya sake ba ni shafin farko in duba.

Yau na yi a gaban Auta, daga cirewa har mayarwa. Ta ce, "Ka ci jarrabawa, Baba. Magana ɗaya ce, ban manta ba." Sai ta shiga haɗa magungunan mahaifiyarta tana rubuta lokutan a takarda, tana goge hanci.

Ina zaune na ga Shugaba ta miƙe da abin dogarawa, ta tako daga ɗaki zuwa bakin ƙofa inda rana ke sauka. Taku goma sha ɗaya, sau biyu tana hutawa. Matar maƙwabci ta leƙo ta katanga suka gaisa, ita da baki, Shugaba da hannu. Ashe kullum haka suke yi. Sau nawa na zo gidan nan, yau na fara ganin fuskarta sosai a wannan hasken.

Da na dawo na ƙirga matakalarmu. Arba'in da shida. Ban taɓa ƙirga ta ba.

Laraba, 1 ga Afrilu

Wata ya ƙare jiya. Auta ta tambaya ko ta kira mai mota a mayar da Shugaba gida, na ce ba yau ba, akwai aiki da yawa a ofis wannan satin.

Na bar kwalbar ruwan wanki ɗaya a gidan Auta da 'yar robar cirewa, don kada in riƙa yawo da leda. Riguna uku kuma, saboda daga can motar ofis ta fi kusa. Mijin Auta ya fitar da kwalaye daga ƙaramin ɗaki, ban ce ya yi ba.

Shugaba na so ta ga gilashin kowace yamma kafin in jiƙa. Jiya ta ɗaga shi a haske ta mayar mini in sake.