Ɗauko Baba daga Filin Kwal

KwaGuqa, watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Sizakele,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya fara shigowa.

Na san za ki ce yau me ya sami Bhuti, kamar yadda kike kira na, ya ɗauki biro. Waya ba ta yi mini, kina fara magana nake manta abin da na kira in faɗa. To ga shi: zan rufe filin kwal a ƙarshen Yuli. Harajin nan da hukumar lardi ta ɗora wa duk mai sayar da makamashi, wai don asusun gyaran yanayi, ya iso kanmu. Manyan kamfanoni za su biya su ƙara wa jama'a a kuɗin wuta, ko a jikinsu. Ni wa zan ƙara wa? Tsofaffin da ke sayen rabin buhu? An ce kin miƙe a taron Mbombela kin goyi bayan harajin har aka tafa miki. Barka. Kin kayar da hayaƙi, kin haɗa da yayanki.

Ba faɗa ya sa na rubuto ba. Mai filin ya ba wasu masu sayar da gas haya, siminti za su malale wurin da shi. Kin kuwa san a nan Baba ya faɗi, kusa da ma'auni, kuma gawarsa kawai muka kai gida, shi kansa ba mu taɓa ɗauko shi ba. A lokacin cewa na yi a bar shi tukuna, ai ko da ransa ba ya barin filin sai rana ta faɗi. Kullum na buɗe ƙofa da safe sai na gaishe shi. Yanzu ba zan tafi in bar shi a hannun baƙin da ko sunansa ba su sani ba.

Dole a yanko reshen magaryar kura a ɗauko ruhinsa da shi, a kai shi gida yadda ake yi a al'adarmu. Ki zo ki riƙe reshen.

Ki shafa mini kan yara.
Yayanki, Mzwakhe

Mbombela, watan Yuni

Bhuti,

Na sami wasiƙarka, na gode. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Eh, na yi magana a taron, kuma gobe aka sake kira zan sake miƙewa. Ka zo ɗakin yara na asibitinmu a watan sanyi ka ji yadda ƙirazansu ke ƙara, sannan ka yi mini barka. Da kuɗin nan za a ba gidaje murhun gas, a gyara musu rufi ya riƙe ɗumi. Ka fi kowa sanin Mama a zaune take barci a shekarunta na ƙarshe saboda tari. Ranar da na faɗa wa Baba haka a gaban ma'aikatansa, cewa ya yi in fitar masa daga fili. Na fita, kuma har ya rasu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu.

Amma kada ka ɗauka ba na tunawa. Ina tuna ranakun Asabar, ya ɗora mu saman buhuna a amalankensa yana kiran "Malaaahle!", wato kwal, har karnukan layi su amsa masa. Mata su fito da bokitai, su miƙo mana fanke mai zafi, mu ci da baƙin hannu ba wanda ya damu. Da yamma hayaƙi ya kwanta kan unguwa, fitilun titi su yi ja, ni kuwa gani nake duk duniya babu gari mai kyan namu. Har yau in na ji warin kwal sai yunwa ta kama ni, abin kuma haushi yake ba ni.

Na ji zafin rufe filin, ko ba ka yarda ba. Batun reshe kuwa, kai ne babba, kai ne namiji, kai kake gaishe shi kullum. Mai riƙe reshe ba ya magana da kowa a hanya sai da mamacin. Ni me zan ce masa? Ka riƙe da kanka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Sizakele

KwaGuqa, watan Yuli

Sizakele,

Bayan gaisuwa, ashe da duk karatunki kin manta da Kaftin, dokin Baba. Baba bai taɓa komawa gida a tasi ba, a amalankensa zai koma. Dokin nan kuwa tsufa ya mai da shi ɗan rigima, ba ya ɗaga ƙafa sai ana lallaɓa shi da baki, kuma muryata kaɗai yake ji. In na riƙe reshe bakina ya rufu, a ƙofar fili za mu yini mu uku, ni da doki da Baba. Ƙanen Baba ya rasu, 'ya'yansa na Johannesburg sun ce su sun daina irin waɗannan abubuwa. Saura ke.

Abin faɗa masa ba wuya. Baba, mun fito. Baba, ga layin dogo, za mu tsallaka. In kin ga dama ki ƙarasa masa faɗan hayaƙin, wannan karon ba shi da halin korar ki.

Ki zo Asabar ta ƙarshen wata, ki sa rigar da ba kya jin asararta.

Yayanki, Mzwakhe

Mbombela, watan Agusta

Bhuti,

Ina gaishe ka, da fatan ka wuce gajiya. Na taho ban yi maka sallama ba. Daga asibiti tasha na wuce, don ban san da wane ido zan dube ka ba.

Kana gaba kana fama da Kaftin, ba ka ji yadda muka yi da Baba ba. Da na ja reshen a ƙasa kusa da ma'auni na ce, "Baba, ni ce Sizakele, tashi mu tafi gida," da ƙyar muryar ta fito. Amma kafin mu kai layin dogo baki ya buɗe. Na faɗa masa sunayen jikokinsa. Na nuna masa shagon askinsa da ya koma coci. Na yi masa faɗan hayaƙin ma tas, ban rage komai ba, kuma ban taɓa jin daɗin hira da shi kamar ranar ba. Maza suna hango reshen suna cire hula su ba mu hanya.

Sai dokinka ya tsaya a ƙofar Gogo Mahlangu, inda ya saba tsayawa a sauke kwal. Tsohuwar ta fito da jikanta a kafaɗa, ta ga reshen, ta rufe bakinta da hannu. Ko uffan ba ta ce mini ba, kada ka ga laifinta. Ni ce na ji numfashin yaron. Bhuti, na san ƙarar nan, kuma leɓensa ya fara canja launi, ita kuwa jijjiga shi take yi, ta ɗauka mura ce. Na dube ka, kana can kana roƙon doki. Na dubi reshen. Sai na ce, "Gogo, yaron nan asibiti, yanzu!"

Na san abin da na yi. Duk inda mai reshe ya yi magana da mai rai, nan mamacin yake sauka. Muna dab da gida na ajiye mahaifinmu a bakin titi, na shiga tasi da ɗan mutane. Da za a maimaita, haka zan sake yi, amma tun ranar kuka nake yi a ɓoye. Ka faɗa mini gaskiya, ina yake yanzu?

Ƙanwarka, Sizakele

KwaGuqa, watan Satumba

Sizakele,

Gaisuwa gare ki da yara. An sallamo yaron, jiya na gan shi yana korar kajin maƙwabta.

Baba yana ƙofar Gogo Mahlangu. Ta soke reshen a shingenta, tana share wurin kowace safiya, tana ba shi labarin unguwa. Ta ce duk shekarun da ya yi yana kawo mata kwal bai taɓa yarda ya zauna ya sha shayi ba, yanzu ta kama shi. Masu gas sun zuba simintinsu a filin, amma ba a kansa ba.

Wani manomi ya sayi Kaftin. Bakina ya huta, zan iya ƙarasawa da Baba a ƙafa ni kaɗai, amma ba zan yi ba. Ke kika ce masa ya tashi, ke yake jira. Ki zo a Disamba.

Yayanki, Mzwakhe