Hayaniyar da Ka Goge

Auta,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, na san ba ka da lokacin karanta rubutun hannu, balle irin nawa na ajin manya. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririya. Yaya ciwon wuyan nan? Mu nan sai godiyar Allah.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna duk abin da ya shiga wayarka ba ya fita yadda ya shiga, kada gobe ni ma in ji an sa mini ganga. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku.

Shekaranjiya da hantsi na je shagon Mai Ɗinki karɓar hijabina. Tana taka keke, wayarta na kan tebur tana kiɗa. Ban kula ba, ina duba bakin ɗinki, sai na ji muryar Inna. Innarmu, Auta, wadda ta rasu shekara tara ke nan. Waƙar nan da take yi in za ta kwantar da yaro, ga wani kiɗa dum-dum a ƙarƙashinta kamar ana rushe katanga. Sai da na dafa tebur. Ita kuwa Mai Ɗinki murna take yi, wai ƙanena ya shahara, mutum dubu arba'in sun kalli bidiyon da ka ɗora a shafinka, wasu har sun ɗauki waƙar suna rawa da ita.

Ka tuna yadda ka karɓi kaset ɗin nan nawa mai waƙar Inna? Ka ce zarensa ya tsufa, wata rana zai tsinke, gara ka juye shi a kwamfuta ka dawo mini da shi cikin mako guda. Na naɗe shi a gyale na ba ka, na ce amana ce. Ka yi dariya ka ce Yaya kin cika tsoro. Yau wata huɗu.

Ban taɓa hana ka sha'aninka ba. Lokacin da dangi ke cewa ka ƙare karatu ka koma buɗe kwali a gaban kyamara, kana shinshina sabuwar waya, kana gaya wa duniya wace na'urar kunne ta fi fitar da ganga, ni na ce a ƙyale ka, halal kake nema. Na shiga ɗakin nan naka na tsallake wayoyin wuta kamar mai tsallake kwata, ban ce maka uffan ba. Amma uwarmu ba sabuwar na'ura ba ce. Matar da ko baƙo ya yi sallama sai ta rage murya, ita ce yau a shagunan aski.

Ka goge shi. Daga shafinka, daga wayoyinka, daga kwamfutarka, duk inda ka ajiye. Kada ka bar ko numfashinta. Sannan ka aiko mini da kaset ɗina.

In na yi kaushi ka yafe mini, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Yayarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na ji jaririya ta fara haƙori, Allah Ya sawwaƙe.

Saƙonka ya iso ta hannun direba. Na karanta rantsuwarka cewa ka goge komai ranar Talatar da takardata ta same ka, kuma na yarda, don ban san ka da rantsuwar ƙarya ba. Na ga 'yar lasifikar da ka aiko mai kama da sabulun wanka. Ka yi bayani har shafi biyu: maɓalli ɗaya gare ta, batirinta na kwana uku, ko ta faɗa ruwa ba komai. Ka ce a cikinta ka bar mini waƙar Inna ita kaɗai, babu kiɗa, kuma wata manhaja ta wanke ta tas, ta cire duk hayaniya. Kaset ɗin kuwa ko ambatonsa ba ka yi ba.

Bayan azahar na rufe ƙofa na danna. Gaskiya muryar ta fito garau, kamar mai karanta labarai a rediyo. Babu kukan ƙyauren tsakar gida, babu tarin Baba daga zaure, babu ƙarar bokiti a bakin famfo. Na ce to, waɗannan zan iya haƙuri da su. Na jira baiti na biyu ya ƙare.

Kai kana ɗan shekara goma aka ɗauki kaset ɗin nan, ba za ka riƙe ba. Maigidana ne ya sayo rediyo mai ɗaukar magana, ya ajiye a tsakar gida yana gwaji. Inna na zaune da 'yata a cinyarta, wadda take kira Tsuntsuwa saboda surutu. Shekararta uku. Bayan baiti na biyu Inna kan tsaya ta ce, "Ke Tsuntsuwa, sakar min ɗankwali." Sai yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Inna ƙara." Wata biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta. Hotonta ɗaya ne, shi ma ruwa ya cinye fuskar.

Shekara ashirin da biyu kowa na zaton Inna nake saurare. Ban gyara wa kowa zato ba, don ina jin kunyar a ce har yanzu ban yi tawakkali ba. Na yi, Allah Ya sani. Amma nakan saka in ji dariyar nan, sai in tashi in ci gaba da aikina.

A cikin sabulunka, Auta, Inna ta ce a sakar mata ɗankwali, sai shiru. Shiru fes, kamar tsohuwar ta zautu tana magana ita kaɗai. Sau goma sha ɗaya na danna, ko kunnena ne. Manhajarka ta saurari 'yata ta yanke hukunci cewa hayaniya ce, kai kuma ka sa hannu. Wa ya tambaye ka wanki? Juyewa ka ce za ka yi. Ku kullum abu bai isa ba sai kun inganta shi, har wanda ba naku ba.

Ba na son lasifika, ba na son bayani. Kaset ɗina nake so, da ƙurarsa da kukan ƙyaurensa.

Yayarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ka gaishe da mai ɗakinka, na gode mata da ta tsaya a kanka har ka rubuto gaskiya.

Na karanta. Zaren ya naɗe a na'urarka tun makon farko, ya tsinke gida-gida, ka jefa a shara ka yi shiru wata huɗu kana gaishe ni da fara'a. Kwafin farko kuma, wanda ba a wanke ba, yana cikin kwamfutarka har ranar Talatar nan, ka goge shi da wata manhajar da ka ce ko ƙwararru ba sa iya dawo da abin da ta ci. Wannan karon ka yi aiki mai kyau, ba ka bar ko numfashi ba.

Kwana biyu ban iya yi maka addu'a ba. Na ɗaga hannu sai bakina ya ƙi. Ban taɓa yin haka da kowa ba, ko waɗanda suka cuce ni da gangan, kuma ina neman gafarar Allah. Ba zan ɓoye nawa laifin ba: ni na ce ka goge komai, cikin fushi, ban tambayi abin da ke ciki ba. Amma da ka faɗa mini kaset ya mutu, da ban faɗi haka ba. Wannan shirun naka shi ne na kasa haɗiyewa.

Yanzu ka nutsu ka karanta. Jiya Mai Ɗinki ta zo duba ni, ta ga idona, na gaya mata komai. Sai ta saki baki. Ta ce ni ƙarshen bidiyonka na ji, ita ta kalla tun daga farko. Wai kafin kiɗa ka nuna wa mutane yadda kaset ɗin yake, don su ga ƙarfin manhajar. Ka saka ɗan guntu, ta ji tari, ta ji dariyar yarinya, kai kuma kana cewa, "Ku ji wannan dattin, yanzu za mu share shi." Masu rawa ba su kwashi wannan wurin ba, kiɗan kawai suka ɗauka, ta duba mini har wayarta ta mutu.

Amma ta ce a shafin nan in mutum ya goge abu, ba ya tafiya nan take, yana zama a wani kwando kwana talatin. Ita ta taɓa dawo da hoton wani ɗinki haka. Ni ban san kwando ba, ban san shafi ba, kai ne malamin. Na ƙirga da yatsu daga Talatar nan, yau kwana ashirin da shida. Direba zai iso gobe. Saura uku.

Na kira ka sau bakwai ba ka ɗauka ba, kai da ke yawo da waya uku a aljihu. In kunya ce ka ajiye ta, ba ta da amfani a gare ni yanzu. Ka buɗe kwandon nan. In bidiyon na ciki, ka ciro shi kada ka taɓa komai. Kada ka wanke, kada ka gyara, kada ka cire muryarka. Na yarda in riƙa jin ƙanena yana kiran 'yata datti har ƙarshen rayuwata, in dai zan ji ta ce Inna ƙara.

In kuma ka riga ka zubar da kwandon, ka faɗa mini da bakinka, kada ka sake yi mini shiru. Ko wanne ne, don Allah ka ba ni amsa da wuri. Wayata na hannuna, na ƙure mata ƙara.

Yayarka.