Baba Yana Sayar da Kifin da Na Riga Na Sayar a Waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, saboda akwai 'yan garinmu a gidan nan. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma wanda nake kuka da shi ba wanda zan iya kai ƙararsa ba ne, mahaifina ne.

Ni 'yar Haɗeja ce, aure ya kawo ni Suleja. Babanmu tun kafin a haife ni yake sana'ar kifi, masunta na kawo masa daga wajen Kirikasamma, shi kuma ya banda ya sayar a rumfarsa. Da yana haɗawa da noman shinkafa, to ambaliya ta cinye gonar sau biyu a jere, ya haƙura, kifin nan shi kaɗai ya rage ake ci ake sha a gidanmu. Ga shi girma ya zo, ƙafa ba ta barinsa ya kai kaya wasu garuruwa kamar da. Shi ne na ce bari in taimaka daga inda nake, na buɗe shafi, ina sa hoton banda a sitatus da guruf-guruf na mata, mai so ta turo kuɗi, ni kuma in kira Baba ya ɗaure kwali a kai tasha a sa a mota. Wallahi abin ya karɓu, duk wadda ta ci tarwaɗar Baba sai ta dawo ta kawo ƙawarta.

Matsalar ita ce Baba bai yarda cinikin waya ciniki ne ba. A wurinsa sai mutum ya zo ya zauna, an gaisa, ya juya kifi da hannunsa, an taya, an ce na sallama, sannan kaya suka zama nasa. Duk abin da na faɗa masa a waya, "to, Allah ya kai mu" ce amsarsa, kuma na daɗe ban gane cewa wannan to ɗin ba alkawari ba ce. Hoto ma sai da muka sha daga, wai ba a tallan tarin kaya ga idon duniya, kambun baka gaskiya ne. Sai ya zaro guda biyu ya ɗora a faifai ya ce a ɗauki waɗannan. Haba jama'a, wa zai yi odar kwali guda da hoton kifi biyu?

Na saya masa babbar waya, na koya masa bidiyo kol da na je gida, yanzu in na kira sai dai in ga kunnensa ko rufin rumfa. Na ce a riƙa rubuta sunan mai kaya a jikin kwali, ya ce shi ba zai rubuta sunan wanda bai taɓa gani ba a kan abincin da bai san mai rabonsa ba. Na yi ta lallaɓawa ina toshe ɓaraka, wadda kayanta suka makara in ba ta haƙuri in ce mota ce ta lalace.

Sai watan jiya abin ya fashe. Wata Hajiya mai guruf ɗin girke-girke, mata cike a ciki, ta yi odar manyan tarwaɗa na bikin 'yarta. Ta biya tun da wuri, na kira Baba na nanata masa, har na ce masa wannan matar in ta yaba mana mun haye. Ya ware kifin da hannunsa, ranar kam ya saita wayar daidai na gani da idona. Ranar da za a kai tasha sai ga wani tsohon abokin cinikinsa daga Malam Madori, ya ga kayan ya ce su yake so, Baba ya sallama masa. Ban sani ba sai da direba ya kira ni ya ce shi fa zai tashi, ba a kawo komai ba.

Nan take na kira Baba. Ya ce mutum ya tako ƙafa tun daga garinsu, ya zauna a tabarmarsa, sun shekara da shekaru tare, ta yaya zai dube shi ya ce kifin na wata ne da ke cikin waya? Ya ce in ba ta haƙuri, in an kawo na wani satin sai a ba ta, ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce Baba biki ba ya jiran wani sati. Muryata ta ɗan ɗaga, abin da ban taɓa yi masa ba, sai ya ce tunda ni ce yanzu mai koya masa kasuwa to ya ji, ya kashe wayar.

Na mayar wa Hajiya kuɗinta a ranar, na roƙe ta har da kuka, amma ina. Ta ɗauki hoton shafina ta baza a guruf ɗinta ta ce a yi hattara da ni. Ban ga laifinta ba, na kunyata ta a gaban surukai. Tun daga nan in na yi fostin kamar na jefa dutse a rijiya, masu kallo suna kallo, ba mai magana. Har waɗanda suka san ni sun koma cewa sai kaya sun iso za su biya.

Yanzu ga inda na tsaya. Akwai wani mai rumfa daura da ta Baba, ya iya waya, yana hoto mai kyau, kuma in ya ce ya ajiye to ya ajiye. Ya aiko ta hannun matarsa cewa in ina so mu haɗa. Maigidana ya ce in karɓa, in na samu riba sai in riƙa aika wa Baba, ai duk ɗaya ne. Amma ni na san ba ɗaya ba ne. Rumfunan suna kallon juna, Baba zai zauna yana gani ana ɗaure kwalaye da sunana a rumfar wani, kasuwa gaba ɗaya za ta ce 'yar cikinsa ta guje shi. Kuma na san halinsa, ko yunwa za ta kashe shi ba zai taɓa kuɗin da ya fito ta wannan hanyar ba. In kuma na tsaya da shi, gobe ma wani ya tako ƙafa zai sallama masa, sunana ya ƙarasa mutuwa, shi ma ya rasa ɗan abin da ke shigowa.

Jiya ya kira ni da kansa, karo na farko tun faɗan. Bai ɗauko maganar ba, sai ya ce, "Uwata, mutanenki na waya shiru kwana biyu, lafiya dai ko? Na ƙara sayen ice, na ce kar su zo su tarar ban shirya ba." Na ce masa lafiya lau Baba, suna nan zuwa, na kashe na zauna ina hawaye.

Mai rumfar can yana jiran amsata kafin ranar kasuwa. Don Allah ku faɗa mini, in ku ne, za ku ceci sana'ar ku kunyata ubanku a kasuwarsa, ko za ku zauna tare da shi ku zuba ido tana mutuwa?