Gira

Taichung, ran Talata.

Zuwa ga Tatay,

Gaisuwa mai yawa, na ɗora hannunka a goshina daga nesa. Ina fatan kuna lafiya kai da mahaifiyata Inay, da fatan ciwon gwiwar ya lafa. Tun da ba ka son magana a waya, na rubuta a takarda, zan tura wa yayata Ate Cely hotonta ta karanta maka.

Mun sauka lafiya. Mu sha takwas ne muke wakiltar ƙasa a gasar besbol ta matasan Asiya, ni kaɗai ne ɗan lardin Batangas. Sauran 'yan makarantun Manila ne, Turanci suke yi har a kan abinci. Da na buɗe baki sai su kwaikwayi harshena, wani ya ce, "Ambet, a ina ka ɗaure dokinka?" Na taya su dariya, amma yanzu gefe nake komawa da farantina. Kofin da suke sha a nan ruwa ne tsululu, ina kewar na Inay.

Gobe ni zan yi jifan ƙwallo, da Koriya za mu kara. A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Ambet.

Taichung, ran Alhamis.

Tatay,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na san labari ya riga wasiƙata. Maki bakwai suka ci a kaina kafin Koci Dimaano ya sauke ni daga tudun jifa. Ƙwallon nan tawa mai lanƙwasa, wadda ba mai taɓa ta a garinmu, jiranta suke yi kamar na aika musu da takarda.

Ashe aikawar na yi. Koci ya zaunar da ni ya kunna mini bidiyo, ya ce, "Kalli fuskarka. Kai jifa kake yi ko shela?" Duk sanda zan saki mai lanƙwasa, sai girata ta ɗaga. 'Yan Koriya sun gani tun a bidiyon wasanninmu na baya. Ni ban ma san ina yi ba.

Amma na san inda na samo ta. Ina shekara sha ɗaya, a bayan gida, ka dawo daga gonar kofi ka tsuguna kana cafe mini ƙwallo, ba abin kare fuska. Mai lanƙwasar ce ta karya maka haƙora biyu. Ka tofar da jini ka ce, "Ta yi kyau! Amma in za ka sako wannan shegiyar, ɗaga mini gira in shirya." Shekara bakwai ke nan kullum la'asar.

Ba laifinka nake gani ba, kada ka ɗauka haka. Koci ya ce zai ƙara gwada ni ran Lahadi, in girar ta motsa in ajiye rigar ƙasa. Tun jiya nake gaban madubi da filasta a goshi. Abokin ɗakina ya kwashe kayansa ya koma wurin 'yan'uwansa. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya yi mini magana.

Ɗanka,
Ambet.

Taichung, ran Lahadi.

Tatay,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inay. Mun ci wasan. Zagaye biyar na yi a kan tudu, ba su sami ko maki ɗaya ba. Yaran Manila har ɗaga ni suka yi. Koci ya ce ina cikin tawagar baɗi.

Filastar ba ta yi aiki ba, bari in faɗa maka abin da ya yi. Jiya wajen atisaye na gane cewa duk wanda ya tsuguna a gabana don cafewa, kai nake gani, da haƙoran nan biyu da babu. Shi ya sa girar take tashi. Sai na koya wa kaina cire ka. Safar hannun mai cafewa kawai nake kallo, in ce ba kowa a bayanta. Yau haka na yi jifa tamanin, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na kan tudun nan ba.

Bayan wasa na gaya wa Koci duka, na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Tsohonka mutum ne. Amma kada ka ƙara jefa masa. Da ka ga fuskarsa girar za ta dawo."

Ran Laraba za mu iso. Na san da la'asar za ka ɗauko safar hannu ka nufi bayan gida, ka ce in nuna maka yadda na yi da su. Don Allah kada ka ɗauko, ba zan iya hana ka baki da baki ba, shi ya sa na rubuto.

Da Koci ya ce kada in ƙara jefa maka, "to" na ce masa. Ko gardama ban yi ba, Tatay, kuma wannan ya fi komai damuna.

Ka yafe mini. A gaida Inay.

Ɗanka har kullum,
Ambet.