Ɗakin Baya da Aka Toshe wa Taga a Akébé

Zuwa ga Alhaji, mai gidan da nake haya a unguwar Akébé.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Na yi ta zuwa gidanka a unguwar Batterie IV har na gaji, kullum maigadi sai ya ce ba ka nan. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani zai karanta maka.

Na ɗaya. Lokacin da na kama ɗakunan nan akwai taga a ɗakin baya, iska na shigowa da yamma. Bara ka gina shago a jikin bangon, aka toshe ta da bulo. A ɗakin nan mahaifina yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Rufin kwano ne, babu silin. Idan na bar aiki a unguwar Oloumi da azahar na zo in juya shi, sai in tarar katifar ta jiƙe sharkaf. Yanzu bayansa ya yi gyambo, likita ta ce gumi ne ke hana shi warkewa.

Na biyu. Mitar wutarmu ɗaya da shagon, mai shagon kuwa kifi yake sayarwa, firizansa ba ya hutawa. Wutar da na saya ba ta daɗewa. Da ta ƙare fanka ta tsaya, sai matata ta bar girki ta zauna tana yi wa Baba fifita da kwali.

Na uku. Soket ɗin falo ya yi baƙi, duk ranar da aka yi ruwa sai ya riƙa ƙauri. Wakilinka ya zo ya naɗe shi da salatif, ya ce in yi haƙuri.

'Yata Hauwa, wadda ke karatu da Faransanci, ta karanta mini cewa a wasu ƙasashe ba a ba da hayar gida sai mai shi ya nuna takardar yadda gidan ke shan wutar lantarki. Ban san abin da dokar ƙasar nan ta ce ba, kuma ba ni da sauran ƙarfin bin ofisoshi. Na dai san haya amana ce.

Alhaji, ba don kaina nake roƙo ba. Na sami wani wuri, ƙarshen wata za mu ɗauki Baba mu tashi. Amma shekaranjiya wakilinka ya kawo wata mata da jariri a goye ta duba ɗakunan, da sassafe, kafin kwano ya ɗau zafi. Ta fita tana murna.

Don Allah ka raba mitar, ka sa silin, ka canza wayoyin, a fasa bango a yi wata tagar. Idan ba za a yi ba, a sake kawo matar da azahar, ta tsaya a ɗakin baya da jaririnta, sannan ta yanke shawara.

Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa ka gama da duniya ba haƙƙin kowa a kanka.

Wassalam.

Haruna, ɗan hayarka.