Tambayoyin wani mahauci kan ƙanensa da ya dawo daga bakin daga

Zuwa ga Babban Likitan da ke duba sojoji kafin a sallame su daga aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, sa hannunka kawai na gani a ƙasan wata takarda. Shi ya sa na fito da wasiƙar nan fili, ko Allah zai sa ta iske ka.

Sunana Lawal, ina sana'ar fawa a kasuwar Dutsin-Ma, amma gidanmu na Wurma ta ƙasar Kurfi. Ƙanena Sale ya yi shekara bakwai yana aikin soja, an sallame shi damina biyu da suka wuce saboda harsashin da ya lalata mashi gwiwa. A takardar sallamar an auna ƙafarsa da idonsa da jininsa. Wurin lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa kalma ɗaya aka rubuta: lafiya. Na tambaye shi me aka tambaye shi kafin a rubuta haka. Ya ce ba komai, mai rubutun ko kai bai ɗaga ba.

Ga abin da wannan kalma ta ɓoye. Sale ya dawo yana sallah, yana gaida mutane, yana zuwa gona da ɗingishinsa. Amma ya daina ɗaukar 'yarsa Hauwa, mai shekara uku. In ta rugo sai ya maida hannayensa baya. Matarsa Rabi ta yi kuka ta gaji, ta zaci ita ce ba ya so.

Da babbar sallar bara na miƙa mashi wuƙa ya yanka ragon gidanmu, don in girmama shi. Hannunsa bai yi rawa ba, ni kaina ba zan fi shi iya yankan ba. Yana gamawa ya zagaya bayan rumbu ya yi ta amai, kwana uku bai taɓa naman ba. Rana ta huɗu na ɗauko shi a babur za mu Kurfi, yana bayana ba ya ganin fuskata, sai ya fara magana. Ya ce wata rana a bakin daga wani mutum ya fito daga cikin kwazazzabo da bindiga, tsakaninsu bai fi taku goma ba, Sale ya riga shi harbi. Da ya matsa, sai ya ga bakin mutumin ja wur da goro, irin na mahaifinmu. Sannan ya ce, “Yaya, ba harbin ke damuna ba. Daɗin da na ji ne. Wallahi har dariya na yi.”

Na tsaida babur a gefen hanya. Tun daga ranar tambayoyi ke cina, kuma kai ne ka karanci wannan fanni.

1. Me ya sa sai wannan mutum ɗaya? Sale ya ce ya yi harbi a faɗace-faɗace da yawa daga nesa, ba ɗaya da ke dawo mashi. Ni ban haɗa ran mutum da na dabba ba, Allah ya tsare. Amma na tuna farkon shigata fawa nakan kauda kai daga idon akuya, har na saba na daina lura. Shin ganin fuska ne ke raunata mai harbi? In haka ne, kun san waɗanda suka gani da waɗanda ba su gani ba cikin mutanen da kuke sallama?

2. Daɗin nan da ya ji, ciwo ne, ko kuwa murnar wanda ya tsira da ransa ce ta fito a haka? Na kai shi wurin limaminmu, ya yi mashi bayani mai kyau cewa wanda ya kare kansa da jama'a bai da laifi. Sale ya yarda, ya yi godiya, muka dawo gida, bai ɗauki Hauwa ba. Yaya mutum zai san abu da kansa amma zuciyarsa ta ƙi karɓa?

3. Wata da watanni aka yi ana koya mashi ya danna kunamar bindiga kafin ya yi tunani. Na fahimci dalili, da ba haka ba da gawarsa aka kawo mana. To kwana nawa aka ware don koya mashi komawa cikin iyali? Iya sanina, mota ya shigo ya sauka a tasha, ni na ɗauko mashi jaka.

4. Wannan ta fi ba ni mamaki. Akwai wani tsohon soja, Baba Audu, da ke gadin rumfunan hatsi kusa da inda nake. Na haɗa su. Duk ranar kasuwa Sale kan zo su zauna a benci ɗaya, wani lokaci su yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Na yi zaton ɓata lokaci ne. Amma watan jiya Rabi ta kira ni a waya, ta ce Sale ya saɓa Hauwa a kafaɗa sun tafi gona. Me Baba Audu ya yi da mu 'yan'uwansa muka kasa? In zaman nan magani ne, me ya hana ku rubuta shi kamar yadda kuke rubuta ƙwaya?

Ranka ya daɗe, ban ce Sale ya warke ba. Har yanzu ba ya bi ta layin mahauta, sai dai ni in fito in same shi.

Roƙona kaɗan ne. Kada a sake cike wannan layi na lafiyar ƙwaƙwalwa a takarda sai an zaunar da mutum an tambaye shi, a ɗaki, ba gaban abokan aikinsa ba. A samar da wanda ya san wannan ciwo kusa da mu, don mai ɗingishi daga Wurma ba zai yi ta zarya zuwa birni ba. A kuma riƙa faɗa wa mata da iyaye abin da za su iya gani, kada wata ta yi shekara tana zargin kanta kamar Rabi.

Na karanta wa Sale wasiƙar nan kafin in fitar, da izininsa na sa sunansa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in ƙara mashi tambaya ɗaya tasa: cikin duk sojojin da suka bi ta hannunka, akwai wanda ya taɓa gaya maka shi ma ya yi dariya? Yana son ya sani ko shi kaɗai ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka kunnen sauraro, ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba, ya sanyaya zukatan waɗanda suka dawo. Muna jiran amsarka, mu biyu.

Wassalam.

Lawal Mahauci,
Dutsin-Ma.